Amsoshin Takardunku: Tarihin Zanen da Ba Ya Kama da Komai

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraro, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce ya ji labarin an sayar da wani zane a Amurka kan miliyoyin daloli, alhali ba mutum a ciki, ba doki, ba gida, sai fenti da aka watsa barkatai. Yana tambaya: shin gaskiya ne, ko kuwa damfara ce? Kuma ina asalin abin?

To malam, gaskiya ne. Turawa na kiran wannan salo Abstract Expressionism, wato zanen da ba ya kwaikwayon siffar wani abu, sai dai ya bayyana abin da ke zuciyar mai zanen. Kafin ka yi mamaki, dubi aska takwas a gaban babbar rigarka, ko adon da magina ke yi a bangon soro. Ba hoton kowa ba ne, amma da ka gani ka san na gwani da na ɗan koyo.

Tushen abin daga Turai yake. Wajen 1911 wani Barashe mai suna Wassily Kandinsky, yana zaune a Jamus, ya fara zane da launi da layi kawai. Daga baya wasu masu zane a Faris suka ce a bar hannu ya bi abin da zuciya ta kawo, ba tare da an tsara ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Jamus ta mamaye Faransa a 1940, sai da yawansu suka tsere zuwa birnin Niyok, irin su Max Ernst da André Breton. A can suka tarar da matasan Amurka da suka sha wuyar karayar arziki, waɗanda gwamnati ta riƙa biya albashin mako daga 1935 zuwa 1943 don su yi zane kada yunwa ta kashe su. Haɗuwar baƙi da 'yan gida ita ta haifar da sabon salon, kuma a 1946 wani ɗan jarida, Robert Coates, ya laƙaba masa wannan suna.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Jackson Pollock, an haife shi a 1912. Daga 1947 ya daina jingina ƙyallen zane a tsaye. Sai ya shimfiɗa shi a ƙasa kamar mai shanyar gero, ya ɗauki gwangwanin fentin gida da sanda, yana zagayawa yana ɗigawa yana watsawa. A 1949 mujallar Life ta buga labarinsa tana tambayar ko shi ne mai zanen da ya fi kowa a Amurka. Wasu suka yaba, wasu suka ce ai ɗan yaye ma zai iya. Matarsa, Lee Krasner, ita ma gwana ce, amma sai bayan shekaru da yawa aka ba ta girmanta.

Ba duka ne masu watsa fenti ba. Willem de Kooning, mutumin Holan da ya shiga Amurka a ɓoye cikin jirgin ruwa a 1926, da ƙarfin hannu yake goga burushi. Shi kuwa Mark Rothko, wanda aka kawo daga ƙasar Rasha yana yaro, manyan fakitocin launi biyu ko uku yake jerawa, ya so mai kallo ya tsaya kusa ya yi shiru.

Siyasa ma ta shigo. A zamanin yaƙin cacar baka, Tarayyar Sobiyet ta wajabta wa masu zanenta su zana ma'aikata da manoma yadda jam'iyya ke so. Amurka kuwa ta ga wannan zane zai nuna wa duniya cewa ita ƙasar 'yanci ce. Daga 1958 zuwa 1959 an zagaya da zane-zanen ƙasashe takwas na Turai. A 1967 kuma asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta daɗe tana zuba kuɗi a ɓoye cikin wata ƙungiyar yaɗa al'adu da ke gogayya da kwaminisanci.

Yanzu ga batun kuɗi, inda na san kunnenka yake. Wani zanen de Kooning mai suna Interchange, an sayar da shi dala 4,000 a 1955. A 2015 wani attajiri ya saye shi wajen dala miliyan 300. A 1973 gwamnatin Ostireliya ta sayi zanen Pollock mai suna Blue Poles kan dalar ƙasarta miliyan 1.3, jama'a suka yi ca, suna cewa an yi almubazzaranci da dukiyar talakawa.

Me ya kawo wannan tsada? Kai ɗan kasuwa ne, ka san lokacin kaka hatsi araha yake, da bazara kuwa sai mai rumbu. Pollock ya rasu a hatsarin mota a 1956 yana da shekara 44, bayan fama da shan barasa. Rothko ya kashe kansa a 1970. Kayan sun ƙare, ba za a ƙara yin wasu ba, masu so kuma attajirai ne da gidajen tarihi. Galibin ribar ma ba masu zanen suka ci ba, dillalai ne da waɗanda suka saya da wuri suka ajiye.

Damfara kuwa ta faru, amma ta wata fuska. A 2011 wani tsohon shagon zane a Niyok, Knoedler, ya rufe bayan an gano ya sayar da jabun zane-zane da sunan Pollock da Rothko, alhali wani mutum ne ɗan ƙasar Sin ya zana su a gidansa. Ashe ko a kasuwar masu kuɗi ana algus.

To malam, ka ji tarihin. Ko zanen ya burge ka ko bai burge ka ba, wannan kuma idonka ne alƙali. Muna jiran takardunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.