Cocin Manoman Cek a Spillville: Abin da Baƙo Ke Bari a Baya

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Sabon Ibadan da tarihin coci, cocin ma na wani ƙauye a Amurka? To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe.

Lokacin da na kai wa ƙanena ziyara a jihar Iowa, wata Asabar ya ɗauke ni a mota zuwa wani ƙauye da ake kira Spillville, a bakin kogin Turkey, arewa maso gabashin jihar. Mutanen garin ba su kai 400 ba, ko'ina ka duba gonakin masara ne. Amma a kan tudu akwai wani ginin dutse mai hasumiya, wanda aka ce shi ne cocin Katolika na mutanen Cek mafi daɗewa da ya rage a duk Amurka. Sunansa St. Wenceslaus.

Su dai waɗannan mutane asalinsu daga Bohemiya suke, wato yankin da yau yake cikin Jamhuriyar Cek, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Talakawa ne manoma, waɗanda sai a 1848 aka soke aikin tilas da suke yi wa masu ƙasa. Da suka sami 'yancin tashi, ga kuma labarin ƙasar noma mai araha a Amurka, sai suka fara ƙaura. Wajen 1854 na farkonsu suka iso wannan wuri, inda suka tarar da Jamusawa sun riga su zama. Sunan garin ma daga sunan wani Bajamushe ne, Joseph Spielman.

Shekara shida kacal da zuwansu, a 1860, suka gina cocin nan. Abin lura shi ne ba da katako suka yi ba, duk da cewa ya fi sauƙi da araha. Farin dutsen yankin suka fasa suka ɗora da hannunsu, alamar cewa ba cin rani suka zo ba. Suka sa masa sunan Wenceslaus, wani sarkin Bohemiya na ƙarni na 10 wanda ɗan'uwansa ya kashe, wanda kuma mutanen Cek suka ɗauka waliyyin ƙasarsu, suna bikinsa duk ranar 28 ga Satumba.

Ba a rana ɗaya aka gama ginin ba, sannu a hankali ya girma yadda aljihun jama'a ya ba da hali. Da farko zaure ne guda mai tsawo. A 1869 aka ƙara hasumiyar ƙararrawa a gaba, wadda ake hangowa daga gonaki. A 1873 aka faɗaɗa shi, aka yi masa fiffike biyu dama da hagu, har ya zama in ka dube shi daga sama siffar gicciye gare shi, irin ta manyan coci-cocin Turai. A 1876 kuma suka sayo ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututu, daga kamfanin Pfeffer na birnin St. Louis. Tana nan har yau.

Wannan ogan ce ta ƙara wa ƙauyen suna. Mashahurin mai tsara kiɗa na Cek, Antonin Dvorak, yana shugabantar wata makarantar kiɗa a New York tun 1892, kewar gida ta dame shi. Sakatarensa, Josef Kovarik, ɗan Spillville ne, shi ya ce masa akwai inda zai ji harshensu a bakin kowa. A bazarar 1893 ya kwaso iyalinsa ya zo, ya riƙa kaɗa ogan a addu'ar safe, a nan kuma ya rubuta kiɗan nan nasa na goge huɗu da ake yi wa laƙabi da “na Amurka”.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai maƙabartar da ke gefen cocin ce. Kaburbura da yawa an kafa musu gicciyen ƙarfe mai ado, aikin wani masassaƙi ɗan garin, Charles Andera. Tsofaffin rubuce-rubucen da harshen Cek suke. Ka matsa wajen sababbin kaburbura, sai ka ga Turanci zalla. Sunayen iyalai suna nan, ginin yana nan, harshen ne ya sulale.

A nan na tuna gida. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga Kano, kuma abin da suka fara yi shi da abokansa a layinmu shi ne ta da masallaci. Wannan masallaci na ƙasa mun rushe shi mun zuba siminti da tayil, muna murna mun ci gaba. Yau in ka tambaye ni shekarar da aka gina na farkon, ko sunan maginin, sai in yi shiru. 'Ya'yana kuwa Yarbanci da Turanci sun fi Hausa zama a bakinsu.

Mutanen Spillville sun rasa harshe, amma sun riƙe gini, sun riƙe shekaru da sunaye a rubuce, shi ya sa har baƙo irina ya iya ba ku labarinsu. Mu har yanzu da sauran harshe, da sauran dattawa. Don haka ina roƙon 'yan'uwa na Sabon Shagamu, da Agege, da Ama Hausa, kowa ya sami tsohon unguwarsu ya zauna da shi da biro da takarda: wa ya fara zuwa, daga ina, wa ya gina masallaci, a wace shekara? Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ni na fara da limamin layinmu, kuma abin da ya faɗa mini shi zan kawo a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.