Yadi ko fata: abin da mai sayen motar lantarki ya kamata ya sani game da kujerunta

Mutanen Karakara, kamar na Junju da Gaya da sauran garuruwan kudancin jahar Doso, sun daɗe da sanin cinikin mota. Shekaru da dama motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna ƙetare gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya kafin su bazu cikin Nijar, har zuwa lokacin da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Mai saye a nan ya iya sauraren inji, ya iya duba taya da takardun duwan. Amma idan dillali ya buɗe ƙofa ya ce kujerun na fata ne, sau da yawa a nan bincike yake tsayawa, farashi kuma ya tashi.

Motar lantarki ta alfarma ba a cika ganinta a wannan yanki ba tukuna, sai dai tana matsowa. A ƙarshen 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, a watan Afrilun 2021 kuma aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Motar da ta fito sabuwa a Turai ko Sin, bayan ƴan shekaru ita ce ke isowa nan a matsayin ta hannu. A irin wannan mota kuwa, zaɓen kujera ya wuce batun ado, domin ya shafi zafin da jiki zai sha, da tafiyar da batir zai iya yi, da lafiyar masu zama.

Abin da ake kira fata kashi uku ne

Na farko ita ce fata ta gaskiya. Ba irin ta akuyar Maradi ko ta Sakkwato ba ce da majema ke jemewa da bagaruwa. Fatar kujerar mota galibi ta shanu ce, an jeme ta a masana'anta, mafi yawa da sinadarin kuromiyom, sannan an shafe samanta da launi da wani siririn rufi na roba. Saboda haka abin da hannu ke taɓawa wannan rufin ne. Wadda ake kira Nappa ta fi laushi da tsada, ta kuma fi buƙatar kulawa.

Na biyu fatar roba ce, wato yadi da aka lulluɓe da roba aka buga masa zanen fata. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Mercedes na cewa Artico ko MB-Tex, Toyota na cewa SofTex, Lexus kuma NuLuxe. A kasuwannin da ke tsallaken iyaka ana jin dillalai na kiran ta gaskiya da ta roba duka da suna ɗaya, leda, kuma a nan ruɗanin yake farawa.

Na uku gauraye ne. A motoci da yawa, wurin da ake zama da wurin jingina kawai ke da fata ta gaskiya, gefen kujera da bayanta na roba ne.

Wannan bambanci ya fi muhimmanci a motocin lantarki, domin manyan kamfanoninsu da dama sun juya wa fatar dabba baya. Tesla ta daina sa fata ta gaskiya a kujerunta tun 2017. Volvo ta sanar a watan Satumban 2021 cewa sababbin motocinta masu aiki da lantarki zalla ba za su zo da fata ba, ta fara da C40 Recharge. Duk wanda aka nuna wa Tesla ƙirar shekarun baya-bayan nan aka ce masa kujerunta fatar saniya ce daga kamfani, to an faɗa masa abin da ba haka yake ba.

Yadi ba alamar rashin kuɗi ba ne

A farkon ƙarni na 20, a manyan motocin attajiran Turai da Amurka, direba ne ke zama kan fata a gaba, saboda ɓangarensa a buɗe yake ga ruwa da rana. Maigida kuma yana baya kan yadin ulu mai laushi. Har yau Toyota Century, motar manyan Japan da aka fara ƙerawa a 1967, an fi saninta da kujerun ulu. BMW i7 mai lantarki da ta fito a 2022 tana da zaɓin kujera mai haɗe da ulun kashmir.

Yadin ma iri-iri ne. Akwai na zaren roba da ake samu a yawancin motoci, mai ƙarfi da araha. Akwai na ulu, wanda ya fi barin iska ta ratsa. Akwai kuma Alcantara, mai kama da cikin fata a ido da hannu, alhali shi ma daga zaren roba aka yi shi.

Zafin rana

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a jahar Doso yakan wuce digiri 40 a inuwa. Wani bincike da masana na Jami'ar jahar Arizona a Amurka suka wallafa a 2018 ya auna motocin da aka ajiye awa ɗaya a ranakun da zafi ya kai kimanin digiri 38. A cikin rana, iskar cikin motar ta kai digiri 47, kujeru 51, sitiyari 53, gaban motar kuma 69. A inuwa, kujerun sun tsaya a wajen digiri 41. Tazarar digiri 10 ke nan, daga inuwa kawai.

Ko da fata da yadi sun kai zafi ɗaya, jiki ba ya jin su daidai. Fata da roba suna manne wa jiki suna miƙa masa zafinsu nan take, yadi kuwa yana da iska a tsakanin zarensa, don haka ba ya ƙuna haka. Bayan an zauna, zufa ba ta da inda za ta bi a kan fata mai rufi, sai ta tsaya a bayan riga. Baƙar kujera ta fi fara ɗaukar zafi, ko da me aka yi ta. Babba mai babbar riga da wando bai cika lura ba, amma yaron da aka ɗora da gajeren wando kan baƙar fata da tsakar rana yana iya ƙonewa a cinya.

Rana tana kuma cin kujerar kanta. Fata ta gaskiya takan bushe ta tsage. Ta roba kuma, musamman mai araha, zafi da laima suna sa samanta ya riƙa ɓarewa. Yadi yakan koɗe, amma ba ya tsagewa da wuri.

Kujera da batir

A motar fetur, sanyaya ciki ƙarin mai ne kawai, tashar mai kuma tana gaba. A motar lantarki, na'urar sanyi, wadda direbobi ke kira kilim, daga batirin da ke juya taya take shan wuta. Tana iya jan kilowat 1 zuwa 3 gwargwadon zafin gari. A ɗauki misalin babbar mota da ke cin kilowat-awa 20 a kowane kilomita 100. Idan kilim ya ja kilowat 2, kowace awa ɗaya ta cinye tafiyar kilomita 10. Daga Gaya zuwa Yamai ta Doso kusan kilomita 300 ne. Tafiyar awa huɗu zuwa biyar za ta rage wa batir kilomita 40 zuwa 50.

Kujera ba ta shan wuta da kanta. Amma wanda bayansa ke jiƙe da zufa yakan murɗa kilim har ƙarshe, wanda ke zaune kan yadi kuma yakan ishe shi a matsakaici. A ƙasar da ta ga yadda Najeriya ta katse mata wuta daga watan Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kuma wuraren caji ba su yawaita a kan hanya ba, wannan ragi ba abin rainawa ba ne.

Mafitar da kamfanoni suka samo ita ce kujera mai ƙananan huji da fanka a ciki, wadda ke jan iska ta bayan mai zama. Wutar da wannan fanka ke ci ƴar kaɗan ce idan aka kwatanta da kilim. Wanda ya nace wa fata a wannan yanayi, irin wannan kujera ya kamata ya nema. Yawancin motocin lantarki kuma ana iya kunna musu sanyi tun suna jone da caji, yadda za a tashi da ciki mai sanyi ba tare da an taɓa batir ba.

Inda fata ta fi yadi

Da zarar an bar kwalta aka hau hanyar jar ƙasa, ko hunturu ya shigo da ƙurarsa, lissafin yana juyawa. Ƙura tana shiga cikin yadi har ta kai ga soso, ba ta fita sai da na'urar zuƙe ƙura. Mai fama da asma yana jin haka a ƙirjinsa. A kan fata kuwa, tsumma mai ɗan danshi ya isa.

Haka nan abin da ya zube. Ruwan raken da yara suka sha a hanya, kunu, nono, man miya, duk suna nutsewa cikin yadi su bar tabo da wari. Yankin Gaya shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kuma sosan da ya jiƙe da damina aka rufe gilashi a kansa yakan yi funfuna. Ga mai iyali da yawa, ko mai ɗaukar fasinja, fatar roba mai kyau ta fi sauƙin riƙo.

Sai dai farar fata tana da nata ciwon. Sabuwar shadda mai rini da baƙin wando suna zubar mata da launi, lalle da turare mai maiƙo su ma suna barin alama. Launin toka ko na ƙasa-ƙasa ya fi dacewa: bai kai baƙi zafi ba, bai kai fari nuna datti ba. Kujera mai huji ita ma ƙura na toshe ta, dole a riƙa zuƙe ta a kai a kai.

Hattara da rigar kujera

Al'ada ce da an sayi mota a kai ta wurin mai ɗinki ya yi wa kujeru riga. A sababbin motoci wannan yana iya zama haɗari. Kujerun gaba da yawa suna da jakar iska a gefensu, wadda ke fasa ɗinkin kujera ta fito idan an bugi motar ta gefe. Ana gane wurin da ɗan tambari mai rubutun SRS. Riga mai kauri da ɗinki mai ƙarfi tana iya hana jakar fitowa ko ta karkatar da ita. Tana kuma toshe hujin iska, ta mayar da kujerar da aka biya da tsada kamar kowace. Idan dole ne a rufe, shimfiɗar da ta tsaya kan wurin zama da jingina, ta bar gefe a buɗe, ta fi aminci.

Kafin a biya kuɗi

Ɗiga ruwa a kan kujera don a ga ko zai shige ba ya nuna komai, tunda fatar mota tana da rufi. Abin da ya fi shi ne a leƙa ƙarƙashin kujera inda ɗinki ya ƙare, a juya bakin. Bayan fata ta gaskiya gashi-gashi ne kamar cikin takalmi, bayan ta roba kuma saƙaƙƙen yadi ne. Idan an danna fata ta gaskiya da yatsa, ƙananan tamoji suna bazuwa kewaye da wurin. Ƙamshi ba hujja ba ne, domin ana fesa shi.

Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ba wakilin kamfani damar faɗin irin kujerar da motar ta fito da ita. Idan ta fito da yadi yanzu kuma ga ta da fata, an sake mata ɗinki a hanya, sai a tambayi abin da ya sa da kuma makomar jakar iskarta. A duba ƙarafan da kujera ke tafiya a kansu. Tsatsa ko busasshen laka a wurin alama ce ta motar da ambaliya ta ci. A motar lantarki, wadda batirinta ke shimfiɗe a ƙarƙashin kujerun, wannan kaɗai ya isa a fasa ciniki.

Wanne ya dace da wa

Wanda motarsa ke yini a rana a bakin kasuwa ko ofis, kuma yawan tafiyarsa a kan kwalta ne, yadi mai kyau mai matsakaicin launi zai fi ba shi sauƙi. Wanda ke da rumfa ko gareji, yana bin hanyoyin ƙauye, yana ɗaukar yara, fata ko fatar roba mai huji da fanka ta fi masa. Fata tana ƙara wa mota daraja wajen sake sayarwa ne kawai idan ba ta tsage ba, kuma gyaranta ya fi na yadi tsada.

Ko wanne aka zaɓa, kulawar ba ta da wahala: inuwa, mayafin gilashin gaba, tsumma mai danshi da sabulu maras ƙarfi. Man kaɗe, man gyaɗa da man goge takalmi ba sa shiga fatar mota, ƙura kawai suke tarawa. Fetur da ruwan jabel kuwa cinye rufin suke yi, kuma idan rufin ya tafi, bazara ɗaya ta isa ta gama da kujerar.