Kiɗan Garaya da Abin da Ya Adana na Tarihi



Dattawan da suka tashi a ƙasar da ta kama daga Babura zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, da wuya a sami wanda bai taɓa jin amon garaya da buta cikin dare daga wani gida na gefen gari ba. Galibinmu an hore mu mu toshe kunne mu wuce. Hukuncin bori a shari'a sananne ne, malamai sun gama magana a kansa, kuma ba shi ya tara mu ba. Abin da za mu duba shi ne tarihin da waƙoƙinsa suka riƙe.

A wurin 'yan bori, waƙa ita ce ƙofa. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa, ba ya kuwa hawa dokinsa ko goɗiyarsa, watau namiji ko macen da ya saba sauka a kansu, sai mai garaya ko mai goge ya kaɗa masa nasa. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har aka kai ga yi masa girka, a cikin kwanakin girkar ne yake koyon gane taken iskokinsa, daga nan kuma ya shiga hanyar da zai bi har ƙarshen ransa. Saboda haka makaɗi ne ma'ajiyar ilmin. Tilas ya haddace take masu yawa, ya san gidajen iskoki a birninsu na Jangare, ya san wa ya haifi wa, wa kuma ke gaba da wa.

To, a nan ne ɗalibin tarihi zai buɗe kunne, gama jerin iskokin nan hoton al'ummar Hausa ne, zamani bisa zamani. Ga Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta da caca: sarauta ke nan. Ga Inna Bafilatana, shaidar daɗewar zaman Bahaushe da makiyayi. Ga Malam Alhaji, tsoho mai fararen tufafi da tasbaha, wanda ba zai yiwu a ce ya girmi zuwan Musulunci ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa sun iso da addini zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Har Turawan mulki ba su tsira ba, domin wajen 1925 iskokin Babule sun ɓulla a yankin Filinge na ƙasar Nijar, suna fareti suna ba da oda irin ta sojan Faransa. Duk abin da ya girgiza jama'a, sai ka tarar an yi masa take.

Shugabannin jihadin 1804 sun san ƙarfin abin. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta tsaya ga hani kaɗai ba. Ta tsara waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi, ta ɗora su a bakin jajojinta, su kuma suka kai su ga matan ƙauye ta hanyar 'Yan Taru. A ganina wannan ita ce dabara mafi zurfi a duk gwagwarmayar: ta gane cewa macen da ta saba samun sauƙin zuciya a wurin kiɗan ƙwarya ba za ta bar shi don tsawa ba, sai an ba ta wata waƙar. A Maraɗi kuwa, inda zuriyar sarakunan Katsina na dā suka kafa gari bayan an ci su, Iya ta ci gaba da shugabancin 'yan bori a cikin fada. Ƙasa irin ta Babura, wadda ke kan iyaka da Nijar, tana tsakanin waɗannan al'adu biyu.

Akwai wata al'umma a arewacin Amurka da labarinta zai amfane mu, su ne Lakota. Su ma sun ɗauki waƙar ibada hanya ce, har suna cewa wasu waƙoƙin a mafarki ake ba mutum su. A 1883 gwamnatin Amurka ta haramta babban bikinsu na rawar rana, kuma sai a 1978 aka yi dokar da ta kare 'yancinsu na addini. Amma tun 1911 wata mai bincike, Frances Densmore, ta fara ɗaukar muryoyin tsofaffinsu a na'ura, ta buga littafi a 1918. Muryoyin suna nan a ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, jikoki suna komawa gare su.

Mu ma an yi mana wani abu makamancin haka: Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, littafinsa ya fito a 1946, Fremont Besmer kuma ya bi makaɗan borin birnin Kano, nasa ya fito a 1983. Duka biyun da Turanci aka rubuta su. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Kano da Jigawa a shekarar 2000, wasan ya ƙara komawa bayan danga, kuma 'ya'yan masu garaya da yawa sun kama wasu sana'o'in.