Harshen Damo A Turanci: Daga Ina Ya Samo Asali?

Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar hayar ɗaki a nan Ingila ya san cewa jimlar Turanci takan zo da fuska biyu. Da yawanmu kan ɗauka ƙarancin iliminmu ne. A nawa nazarin, babban kaso na laifin yana wuyan tarihin harshen kansa.

Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi kafin shekarar 1100, yana da ɗafa-ƙeya masu yawa da ke nuna wa ya yi aiki, kuma a kan wa aikin ya faɗa. Zuwan Bakin Haure na Sikandinebiya, wato Vikings, waɗanda suka zauna a arewa da gabashin Ingila a ƙarni na 9, da kuma mamayar Normandawa masu jin Faransanci a 1066, sun zo daidai da lokacin da waɗannan ɗafa-ƙeya suka yi ta zubewa. Da suka zube, sai suna da aikatau suka koma kamanni ɗaya. Misalin da ya fi burge ni shi ne na -ing. A da, ɗafa-ƙeya biyu ne: -ende mai nuna mai aikatawa, da -ung mai nuna aikin kansa. Suka narke suka zama ɗaya. Shi ya sa in aka ce "visiting lecturers can be expensive", ba ka san ko malamai masu kawo ziyara ne ke da tsada ba, ko kuwa kai wa malamai ziyara ne ke cin kuɗi.

Sai aron kalmomi. Bank na gaɓar kogi daga harshen mutanen Sikandinebiya ya shigo, shi kuwa bank na ajiyar kuɗi daga banca na Italiyanci, teburin 'yan canji, ta hanyar Faransanci. Baƙi biyu ne suka sauka masauki ɗaya.

Furuci ma ya yi tasa ɓarnar. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, amma baki bai tsaya ba. Tsakanin 1400 da 1700 dogayen wasula suka sauya, har meat da meet suka zama sauti ɗaya. Aka daina furta k na knight ya koma daidai da night. Mu Hausawa namu akasin haka ne: baki yana bambance garin tuwo da garin Kano, rubutun boko ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. A ƙarni na 17 kuma Turawa suka yar da thou, suka bar you shi kaɗai yana aikin kai da ke da ku. A ganina wannan ce asara mafi muni, kuma ba wanda ya tilasta musu.

Kada mai karatu ya zaci wasan nahawu ne kawai. Ranar 2 ga Nuwamba 1952, 'yan sanda suka ritsa samari biyu a kan rufin wani ɗakin ajiyar kaya a Croydon, kudancin Landan: Derek Bentley mai shekara 19, da Christopher Craig mai shekara 16, wanda ke riƙe da bindiga. An riga an kama Bentley. 'Yan sanda suka shaida wa kotu cewa ya ɗaga murya ya ce "Let him have it, Chris." Craig ya yi harbi, daga baya ya kashe ɗan sanda Sidney Miles.

To me jimlar take nufi? Tana iya zama "miƙa masa bindigar", tana kuma iya zama "ɗirka masa". Kalmar have tana ɗauke da ma'anoni barkatai, it kuma ba ta faɗi abin da take wakilta ba. Da Hausa aka yi maganar, dole mai magana ya zaɓi aikatau ɗaya, ko ba shi ko harbe shi. Bentley da Craig duka sun musanta cewa an ma furta kalmomin. Masu gabatar da ƙara suka riƙe ma'ana ta biyu a matsayin hujjar cewa Bentley ne ya zuga abokinsa.

Craig bai kai shekarun da doka ta yarda a rataye mutum ba, sai aka ɗaure shi, ya fito a 1963. Bentley, wanda bai taɓa bindigar ba, kuma likitoci suka tabbatar hankalinsa bai kai shekarunsa ba, aka rataye shi a kurkukun Wandsworth ranar 28 ga Janairu 1953. 'Yar uwarsa Iris ta shafe fiye da shekara 40 tana fafutukar wanke shi, ta rasu a 1997. A Yuli 1998 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa alƙalin farko, Lord Goddard, bai yi adalci ba a jawabin da ya yi wa masu taya shi yanke hukunci.