Sazabu: ganyen da ke cikin littafi, babu shi a lambu

Ɗalibin da ya buɗe tsofaffin littattafan likitanci na Larabci a wani zaure na Limancin Kona, unguwar malamai a cikin birnin Zazzau, zai ci karo da sunan sazabu. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya kawo shi cikin kundinsa mai magunguna kusan 1,400. Amma in ɗalibin ya fita fadama neman tsiron, da wuya ya gan shi.

Sazabu ɗan ƙasashen Bahar Rum ne. Tsayinsa bai cika kai mita ɗaya ba. Ganyensa kore ne mai sirkin shuɗi, furensa rawaya, ga ɗaci ga ƙarfin wari. Yana son rana da ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa, saiwarsa kuwa ruɓewa take idan ruwa ya kwanta. Habashawa sun raini wani nau'insa a tsaunukansu, har suna tsoma reshensa cikin kofi.

Danginsa ne suka zauna a ƙasar Hausa. Tun 1789, da masanin Faransa Jussieu ya tsara dangogin tsirrai, ake kiran wani dangi da sunan sazabu, kuma a cikinsa ake lissafa lemun tsami da fasaƙwari na yaji a yau. Sai dai dangantaka ba ta sa ɗaya ya maye gurbin ɗaya a magani. Sazabu yana zubar da ciki, ruwansa kuma yana ɗuri fata idan rana ta taɓa wurin.