Tsaka-tsaki a kimiyya: ma'anoninsa da inda haɗari yake

Kalmar Faransanci "neutre" tana fitowa a kwalin sabulu, a bakin masu gyaran wuta da cikin littattafan ƴan makaranta. Da Hausa ana cewa tsaka-tsaki. Kowane fanni yana da tasa ma'anar, kuma tsaka-tsaki ba ya nufin babu haɗari.

A fannin sinadarai ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda Sørensen, masani ɗan ƙasar Danmak, ya fito da shi a 1909. Tataccen ruwa yana kan 7 a zafin digiri 25, nan ne tsaka-tsaki. Ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemon tsami. Sama da 7 dangin kanwa da toka ne. In ɓangarorin biyu suka haɗu sai su kashe kaifin juna, a samu ruwa da wani nau'in gishiri. Abin da ke faruwa ke nan idan aka jefa kanwa a miyar yakuwa, shi ya sa Hausawa ke cewa kanwa ta kar tsami. Sai dai haɗuwar tana fitar da zafi. Don haka wanda ruwan batir ya zubar wa a fata ba a shafa masa kanwa. Ruwa mai yawa ake kwarara wa wurin, sannan a kai shi asibiti.

A wutar lantarki, waya tsaka-tsaki, wadda a ƙa'idar Turai ake yi mata shuɗin launi, ita ke mayar da wuta bayan ta ratsa fitila ko fanka. Ke nan akwai wuta a cikinta. Idan ta tsinke ko aka juya haɗin, tana iya kama mutum, saboda haka ake kashe wutar gida kafin a taɓa ta.

A cikin ƙwayar zarra akwai nitron, wanda ba shi da caji ko kaɗan. James Chadwick na Ingila ya gano shi a 1932. Rashin cajin ne ke ba shi damar kutsawa tsakiyar ƙwayar uraniyom 235 ya fasa ta. Da wannan fashewar ake samar da lantarki daga uraniyom irin na Arlit.

A likitanci kuwa, maganin saran maciji yana manne wa dafi ya hana shi aiki, amma ba ya gyara ɓarnar da dafin ya riga ya yi. Shi ya sa jinkirin zuwa asibiti ke iya jawo asarar gaɓa ko rai.