Tsakanin Tukunyar Shuni da Kasuwa: Waiwaye a Kan Rayuwar Masu Zanen Adire

Bahaushe ba baƙon rini ba ne. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana ɗaukar rinannun tufafinta zuwa Tumbuktu da Murzuk har Tarabulus, kuma har yau sunan Ƙofar Mata da na Kura ba su rabu da baba ba. Sai dai rinin da muka tashi muka gani sana'ar maza ce, a bakin ramin karofi ake yin ta. Mu da zama ya kawo mu kudu mun tarar da wani rinin dabam, wanda mata ke yi a cikin manyan tukwanen ƙasa a bayan gida, da ganyen talaki, wanda Yarbawa ke kira elu. Zanen da ke fitowa daga tukwanen nan shi ake kira adire, wato abin da aka ɗaure aka rina. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun matan da suka mayar da wannan aiki abin dogaronsu safe da yamma, mu ga irin kokawar da suka yi tsakanin abin da gwanintarsu ke nema da abin da kasuwa ke biya.

Ɗaure tufa a rina tsohon abu ne a wurin Yarbawa, amma adire bai zama babbar sana'a ba sai a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sa'ad da kamfanonin Turawa suka cika kasuwa da farin yadi mai araha daga masaƙun Ingila. Saƙin hannu kauri gare shi, ga kaushi, ba ya karɓar zane mai ƙananan layuka. Farin yadin kanti kuwa sumul yake kamar takarda. Da zarar ya wadata, sai matan Abekuta da na Ibadan suka samu allon da za su yi rubutunsu a kai. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, kuɗin koko ya shiga hannun manoma, fatake daga Gwalkwas, wato Gana ta yau, har da na Sanagal suka riƙa zuwa Abekuta sarin zane.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda aikin yake, domin wanda bai san wahalarsa ba ba zai fahimci rikicin da ya biyo baya ba. Akwai wanda ake ƙulla wa 'yan duwatsu ko ƙwayoyi da zaren tukurwa, shi ne oniko. Akwai wanda ake ɗinkewa da allura a tattare kafin a tsoma, shi ne alabere. Na ukun, wanda ya fi su cin rai, shi ne eleko. A nan ana dama garin rogo ne ya yi kauri kamar koko, mace ta shimfiɗa yadi a ƙasa, ta raba shi gida-gida, sa'an nan ta ɗauki gashin kaza ko tsinken tsintsiya ta riƙa ɗiban kullun tana zana tsuntsaye da ƙadangaru da ganyaye da cokula, gida bayan gida, ba tare da wani samfuri a gabanta ba. Duk inda kullun ya taɓa, shuni ba zai kama ba. Zane ɗaya yakan ci kwanaki, kuma idan hannu ya goce babu gyara. Bayan ya bushe sai a miƙa shi ga mai rini, wadda sau da yawa wata mace ce dabam. Ita ma tata gwanintar ba ƙarama ba ce. Za ta tsoma zanen ta fitar da sauri, domin idan ya daɗe a ruwa kullun zai narke, aikin kwana da kwanaki ya bi ruwa. Yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi, a shanya, a sake tsomawa, a yi ta yi har launin ya kai inda ake so. Ruwan rinin kansa, na talaki da ruwan toka, sai ya yi kwanaki yana ruɓa kafin ya nuna, wani lokaci kuma ya mutu ba a san dalili ba.

Zanukan suna da sunaye, kamar yadda waƙoƙi ke da su. Ibadandun, wato Ibadan da daɗi, yana ɗauke da ginshiƙan zauren Mapo da aka gama ginawa a 1929. Akwai Olokun. Akwai kuma Oloba, wanda aka samo daga hoton Sarki Joji na Biyar da matarsa a bikin cikarsa shekara 25 a kan gadon sarautar Ingila a 1935. An yi ta kwafar hoton nan daga hannu zuwa hannu har kamannin Turawan suka ɓace, ya koma wani sarki da matarsa kawai. Abin da ke ba mu takaici, mu ɗaliban adabi, shi ne sunan zane ya wanzu, sunan wadda ta fara ƙirƙiro shi kuwa ya ɓata. Gidajen tarihi na Turai cike suke da adire mai ɗauke da sunan Baturen da ya saya da shekarar da ya saya.

Matsalar farko da ta sami masu gashin kaza daga cikin gida ta fito. Maza suka gano cewa idan aka huda zanen a jikin falankin kwano, irin wanda ake shimfiɗawa a cikin akwatunan ganyen shayi, za a iya ɗora shi a kan yadi a shafe kullu a kai, a yi cikin sa'a guda abin da mace ke yi cikin kwanaki. Abekuta ta rungumi wannan dabara, Ibadan ta fi riƙe zanen hannu. Matsala ta biyu daga Jamus ta taso. Kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897, kuma a shekarun 1920 shi da soda mai ƙuna suka shiga tukwanen Abekuta. Ruwan da ke ɗaukar kwanaki ya koma na rana guda. Matan da ba su gaji sana'ar ba suka kwararo cikinta, zane ya yi yawa, farashi ya faɗi. Ita soda kuwa, idan ba a iya awonta ba, cin yadi take yi, sai zane ya yage tun bai ga wanki uku ba. Masu saye suka fara ƙorafi, sunan adiren Abekuta ya fara lalacewa.

Alake na lokacin, Oba Ladapo Ademola, ya hana amfani da soda da shunin kanti. A ido, hukunci ne na kare martabar sana'a. Amma matan suka yi tsaye suka ƙi. Dalilinsu kuwa ba boyayye ba ne: mafi yawansu bashi suke karɓar yadi daga kamfanoni da dillalai, ga karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, ga harajin da aka ɗora wa matan Abekuta tun 1918. Macen da mai bashi ke jira a ƙofar gida ba ta da sukunin jiran talaki ya ruɓa. Aka yi ta kame, ana ƙwace zane, matan na kai ƙara, har aka kafa kwamitin bincike a 1936. Masaniyar tarihi Judith Byfield ta bi diddigin wannan rikici a littafinta na 2002, kuma yana da wuya mutum ya karanta shi bai ga tushen boren matan Abekuta na 1947 zuwa 1949 ba, wanda Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranta, ya kai ga wannan Alake ya sauka daga karaga na ɗan lokaci. A ganinmu sarkin yana da gaskiya a kan zane, matan suna da gaskiya a kan tuwo, kuma duk wanda ya tuna muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 a kan adabin kasuwar Kano ya san irin wannan gardama: wanda albashinsa ke zuwa ƙarshen wata shi ya fi kowa iya wa'azin inganci.

Daga ƙarshen shekarun 1930 kasuwar waje ta rushe. A shekarun 1960 sai ga rini mai launuka barkatai, wanda ake yi da kakin kyandir da sinadaran kanti, aka sa masa suna kampala. Shuɗin adire ya koma tufar tsofaffi da talakawa, 'ya'yan masu rini suka tafi makaranta ba su dawo bakin tukunya ba.

A cikin wannan yanayi ne Nike Davies-Okundaye ta taso. An haife ta a 1951 a Ogidi, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara shida, ta koyi saƙa da rini a hannun kakar mahaifanta, karatun boko kuwa bai yi nisa ba saboda rashin kuɗi. Ta zo Oshogbo a daidai lokacin da garin ke tashen fasaha, bayan tarukan koyar da zane da Ulli da Georgina Beier suka shirya a Mbari Mbayo, gidan Duro Ladipo. Ta auri mai zane Twins Seven-Seven, daga baya suka rabu. A 1974 ta je Amurka koyar da rini. Abin da ta yi wanda iyayenta mata ba su yi ba shi ne ta ɗauke zane daga ƙugu ta rataye shi a bango, ta kuma sa sunanta a ƙasansa. Da wannan sa hannu farashi ya sauya, domin mai sayen hoto ba awon yadi yake biya ba.

Wannan mafita tana da nata tsadar. Masu sayen irin wannan aiki a farko yawanci Turawa ne da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, kuma mai saye yakan juya hannun mai zane ko da bai buɗe baki ba. Zanen da aka rataye ya daina shiga biki da suna, ya daina tsufa a jikin mace har a mayar da shi tukunya a sabunta shi, kamar yadda aka saba yi wa adire. Da alama ita ma ta lura da haka, domin a 1983 ta buɗe cibiya a Oshogbo inda ake koyar da adire kyauta, har da zanen gashin kaza da ya kusa ɓacewa. Ta ƙara wata a Ogidi, wata a Abuja, sa'an nan a 2009 ta buɗe katafaren gidan baje kolin zane a Lekki ta Legas. Ke nan kuɗin hoton bango shi ya riƙe makarantar zanen ɗaurawa.

Amma Nike mutum ɗaya ce. Sauran matan, irin na unguwar Kemta da kasuwar Itoku a Abekuta, ba su da bangon da za su rataya aikinsu, kuma abokin hamayyarsu na wannan zamani ya fi falankin kwano da soda ƙarfi. Yadi ne da ake bugawa da inji a ƙasashen waje, musamman Sin, mai ɗauke da zanen adire sak, har da ɗigo-ɗigon da ke nuna kamar hannu ya ɗan goce, ana kuma sayar da shi ƙasa da kuɗin da mai rini ke kashewa kafin ta kunna wuta. Irin wannan kaya ne ya taimaka wajen rufe masaƙun Kaduna da na Kano. Masu rinin Abekuta sun sha fitowa suna neman a hana shigo da shi. A rumfa ɗaya ta Itoku mutum zai ga na gaske da na inji a jere, kuma ba kowane mai saye ne ke juya bayan zanen ya duba ko shuni ya ratsa ba.